Shekaruna da Jitar Bes Mai Araha

Ni tela ne, kuma har gobe da keken ɗinki nake ciyar da gidana. Shagona yana nan cikin garin Jos, wajen titin Bauchi. Amma akwai mutane da yawa a garin nan da ba su taɓa ganina da almakashi ba. Su abin da suka sani shi ne "mai bes", wato mai kaɗa jitar nan mai kaurin murya, dogon nan da ke tsayawa can baya kusa da mai ganga a wurin biki. Jitar da suke ganina da ita tun 2009 take hannuna, ita kaɗai na taɓa mallaka, kuma ko a lokacin da na saye ta tana cikin mafi araha a kasuwa.

Da ta aro na fara. Wani dattijo ne da nake yi wa ɗinki, wanda ya shekara da shekaru yana kaɗa bes a cocinsu da kuma ƙungiyoyin otal, ya lura cewa in aka sa kaset ɗin rege a shago ba muryar mawaƙin nake bi da baki ba, gurnanin nan na ƙasa nake bi. Ya ce in leƙo gidansa ranar da aiki ya yi sauƙi. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana, har ya bar duniya ba mu sauya ba. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Jitarsa ta neman abinci ce, Asabar da Lahadi ba ta kwana a gida, ni kuwa sai in yi kwanaki ban taɓa ta ba, abin da na koya ya zube. Da na gama ɗinkin ƙaramar sallah ta wannan shekarar, na ware abin da ya rage bayan hidimar gida, na roƙi Baba ya raka ni.

Wurin wani mai kawo kayan sauti na gwanjo daga kasuwar Alaba ta Legas muka je. Ni idona kan wata ja mai sheƙi ya tsaya. Baba ko kallo na biyu bai yi mata ba. Ya ɗauko wata baƙa da fentinta ya ƙwarzane a baya, ya kanne ido ɗaya yana leƙen tsawon wuyanta daga kai zuwa gindi. Ya bi kowace tsirkiya yana danna ta gida-gida, wato tsakanin ƙananan ƙarafunan da aka jera a gicciye a kan wuyan, har ƙarshe. Sannan ya zaro alanki daga aljihu, ya zura a wani rami da ke saman wuyan, ya ɗan murɗa, ya mayar.

"Ɗana, fenti ba ya kiɗa," in ji shi. "Abu uku za ka duba. Wuya bai murɗe ba, ƙarfen da ke cikinsa yana juyawa, kunnuwan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya suna riƙe ta. Duk sauran, mai gyaran rediyo zai iya da su."

A kanta an liƙa sunan wani babban kamfani, amma ko mai sayarwar bai yi gangancin rantsuwa a kai ba. A bayan wuyan akwai 'yar takarda da ta nuna a Chaina aka yi ta. Daga baya na kankare sunan da reza, don na gaji da samarin da ke matsowa su karanta su yi murmushi.

Siffarta kwaikwayo ce ta jitar nan Precision Bass da Leo Fender ya fito da ita a Amurka a 1951. Kafin ita, mai bes sai ya rungumi wani ƙaton goge na katako mai tsawon mutum, a tsaye ake kaɗa shi, ga wahalar ɗauka, ga ganguna da ƙahonni suna danne muryarsa. Fender ya zo da abu mai sauƙi: falankin katako, wuya da aka ɗaure da sukurori huɗu, tsirkiya huɗu, sai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, wanda ke ɗaukar kaɗawar tsirkiya ya mayar da ita lantarki ya tura wa amfilifaya. Shi muke ce wa fikof. A 1957 aka raba shi gida biyu, rabi ƙarƙashin tsirkiyoyi biyu masu kauri, rabi ƙarƙashin sirara, aka haɗa su yadda ɗaya zai kashe ƙugin wutar da ɗayan ya kwaso. Wannan fasalin ne masana'antun Japan da Koriya da Chaina suka yi ta kwafa, har shi kansa kamfanin Fender ya fito da nasa mai rahusa da sunan Squier a 1982. Babu wani sirri a ciki, shi ya sa kwaikwayon ke iya yin aiki. Na sa tef ɗina na awo na auna tawa: daga inda tsirkiya ta tashi a kai zuwa jakin da take hawa a ƙasa, inci 34 cif, daidai da ta asali. Makunni biyu gare ta, na ƙarfin murya da na kaifinta. Ba ta cin batir, kuma na sha ganin masu jita mai tsada suna tsugune a bayan dandali suna neman batir mai bolt 9 ana tsakiyar rawar amarya.

Watannin farko ba ni da amfilifaya. Bes kuwa in babu wuta, sai wanda ya rungume ta ke jin ta. Dabarar da Baba ya ba ni ita ce in jingina kan jitar da ƙofar kabad, katakon ya ɗauki sautin ya cika ɗaki daidai yadda ba zai tashi maƙwabta ba. Yatsu biyu na hannun dama, manuniya da na tsakiya, suka yi bororo, suka fashe, suka yi kanta. Kantar har sana'a ta taɓa mini, don na daɗe ba na jin allura sosai in ina aikin hannu a wuyan riga.

Da kunne na koya, ba da takarda ba. A wurin Aston Barrett, mai bes ɗin Bob Marley da ake yi wa laƙabi da Family Man, na gane cewa gurbin da ka bari shi ma kiɗa ne. Mutumin nan yana iya ɗauke hannu daidai inda kake jiran ya buga, kuma a nan ne jikinka zai motsa. A kiɗan Kongo da makosa na Kamaru na koyi gudu da juriya, domin a can mai bes ba ya hutawa, layi guda zai yi ta maimaitawa har hannu ya sage. Mutanen Kamaru kam Allah ya ba su wannan abu, wanda ya ji Richard Bona ko Etienne Mbappe ba sai an yi masa bayani ba. Amma abin da ya fi daɗewa kafin ya shiga kaina shi ne matsayin bes a cikin taron kiɗa. Ni da nake tela, da shafi na kwatanta shi: ba wanda ke yaba shafin riga a wurin biki, amma shi ke sa riga ta zauna a jiki.

Mahaifina bai so ba. Ya ce kiɗa ba gadonmu ba ne, kuma ba ya son ya ji an ce ɗansa na roƙo a bakin otal. Ban yi gardama da shi ba, na dai tabbatar ba a taɓa kawo masa ƙarar cewa na riƙe wa wani ɗinki saboda jita ba. Abin da ya sassauta shi, a shekarun 1980 shi ma yana cikin masu zama gaban talabijin in za a nuna shirin Bala Miller daga Kaduna, ƙungiya guda cikin kwat da ƙahonni suna waƙa da Hausa. Wata rana ya shigo ya tarar ina gwaji, ya tsaya jim, ya ce, "To, ka dai riƙe salla, kuma kada in ga kwalba a hannunka." Iyakar izinin ke nan, kuma ya ishe ni.

Wanda duk zai riƙe jita a arewa, abokin karawarsa na farko yanayi ne. Jos tana kan tudu, mita dubu da ɗari biyu ko fiye sama da teku. Damina ta zo da ruwa da laima har bango ya jiƙe, hunturu ya zo da busasshiyar iska mai fasa leɓe. Katako kuwa yana sha yana amayarwa. Hunturun farko da jitar ta yi a hannuna, na zura hannu a wuyanta sai na ji wani abu ya yanke ni a gefen yatsa. Katakon da aka dasa ƙarafunan firet a kansa, waɗannan da suka raba wuyan gida-gida, shi ne ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, sai bakin kowanne ya leƙo ta gefe. Jita mai tsada ma tana yin haka, amma mai araha ta fi, saboda ba a jira katakon ya gama bushewa kafin a sassaƙa shi. Baba ya ce in bari sai tsakiyar Janairu, lokacin da bushewar ta kai maƙura. Muka rufe katakon da salatif, muka bi bakin ƙarafunan ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin magagari. Tun daga ranar ba su sake fitowa ba.

Wuyan kansa kuwa ba a gama da shi, duk shekara sai mun yi. Tsirkiyoyi huɗu suna jan sa gaba da ƙarfi, dogon ƙarfen da ke cikinsa yana jan sa baya, yanayi kuma yana shiga tsakani. A tawa, in hunturu ya kama, wuyan yakan ranƙwafo, tsirkiyoyi su yi nisa da katako har yatsa ya gaji da dannawa. In ruwa ya sauka sai ya miƙe, wani lokaci ya wuce, tsirkiya ta riƙa gogar ƙarfe tana zizzz. Yadda nake aunawa: in danne tsirkiya mai kauri a gidan farko da kuma na ƙarshe, in duba ratar da ta rage a wajen gida na bakwai ko na takwas. Katin waya na kankarewa ya kamata ya shige da ƙyar. In ratar ta fi haka, sai in sassauta tsirkiyoyi, in ɗaure ƙarfen da alanki kwatan juyi kawai, in rataye ta har gobe kafin in sake dubawa. Masu gaggawa su ne ke murɗawa har su ji ƙas, kuma ƙarfen nan in ya karye a ciki, jitar araha ta gama aiki, don kuɗin gyaran ya fi kuɗinta. Bayan wannan sai in duba gida na 12: sautin da ya bayar dole ya zama daidai da na tsirkiyar a sake, sai dai sama. In ya ɗara, a ja jakin baya da sukundireba. In ya gaza, a turo shi gaba. Da, da fiyanon abokin aikina nake daidaitawa, yanzu manhajar waya ke yi mini.

Damina kuma tsatsa ce. Sukurorin jaki suna kamewa, kunnuwa su yi tauri. A nan sana'ata ta yi rana, don ɗigon man keken ɗinki ya ishe su. Ba na jingina ta da bango, ba na barin ta a bayan mota cikin rana, kuma duk daren da na dawo sai na goge gumi daga tsirkiyoyi da ƙyallen shadda kafin in kwanta, ko da asuba ta kusa.

Sai wuta. Wannan babi ne da masu koyarwa a intanet daga Turai ba su san shi ba. Yawancin wuraren da muke wasa babu wayar nan da ake binnewa a ƙasa don ta janye ɓatacciyar wuta. Ga janareta, ga fitilu masu walƙiya, ga wayoyi an harɗe su a ƙasa kowa na takawa. Da na fara fita wasa, in na ɗauke hannu daga tsirkiya sai lasifika ta kama ƙugi, in na taɓa ya ragu amma bai ɗauke ba. Na kai ta wurin wani malami mai gyaran rediyo a unguwarmu, wanda bai taɓa buɗe jita ba. Ya kwance murfin, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Malam, ai wannan ko rediyon kan tebur ya fi ta kaya a ciki." Ya gano wayar da ya kamata ta taɓa ƙarƙashin jaki ta kusa kwancewa, ya liƙe ta da dalma. Ya shimfiɗe cikin ramin da takardar alminiyam ya haɗa ta da wannan wayar. Ya cire bakin da ake soka waya, wanda ya riga ya saki, ya sa mai ƙarfi. Duk aikin bai kai kuɗin ɗinkin wando ba, kuma ƙugin ya tafi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Makunnan in ƙurar hunturu ta shige su suna ƙarar-ƙarar, sai a ɗiga musu sifirit a yi ta juyawa.

Abin da ba ya gyaruwa da dalma shi ne jan wuta. In kayan sautin wuri ba su da wayar ƙasa, hannunka na kan tsirkiya, leɓenka ya taɓa makirfo, za ka ji a haƙoranka. Ba abin dariya ba ne, ya kashe makaɗa a wasu ƙasashe. Ni dai ba na hawa dandali sai da takalmin roba, ba na tsayawa a jiƙaƙƙen siminti, kuma in aka ce in yi amshi sai na fara taɓa makirfon da bayan hannu.

Amfilifayata ta farko ta jitar gaba ce, ƙarama, wani ya sayar mini da arha. Ba ta yi nisa ba lasifikarta ta yage. Tsirkiyar bes mafi kauri tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa guda, kuma irin wannan sautin sai faffadar lasifika mai tura iska da yawa. Daga baya na sa kafinta ya haɗa mini akwati, aka dasa mai inci 15 a ciki, ita nake ja har yau. A wurin bikin da aka kawo ƙaramin janareta, in na daki wannan tsirkiyar har ƙwan fitila sai ya yi ƙasa ya dawo. Wannan ƙasa-ƙasan sautin ne kuma ya sa 'yan uwa da suka kalli bidiyon wasanmu a waya suke ce mini, "Yaya, mun gan ka kana ta motsa yatsu, amma ba mu ji ka ba." Lasifikar waya ba ta kaiwa can.

In za a yi lissafi na gaskiya, ba jitar ce ta ci mini kuɗi ba, tsirkiya ce. Daga waje ake kawo su, farashinsu kuma dala yake bi. A 2016 naira ta faɗi muka ji a jikinmu. A watan Yunin 2023 aka sake ta ta nemi farashinta a kasuwa, daga wajen 460 a kan dala guda, kafin a yi nisa cikin 2024 ta haura 1,500. Saitin tsirkiya mai kyau ya zama abin da sai ka yi shawara da uwargida. Kasuwa kuma ta cika da na jabu cikin kwali mai kyau, waɗanda ke mutuwa cikin sati biyu. Da, in nawa suka dushe, sai in kwance su in naɗe in dafa a tukunya na ɗan lokaci, dattin da gumin su fita, in shanya su bushe sarai in mayar. Suna farfaɗowa, amma ba su daɗe, kuma kowace dahuwa tana rage musu ƙarfi. Uwargida ta ware mini wata tsohuwar tukunya ta ce kada ta sake ganin waya a cikin ta miya.

Abin da ya raba ni da dahuwa shi ne labarin James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a yawancin waƙoƙin kamfanin Motown na birnin Ditroit a shekarun 1960. Shi tsirkiyoyi masu santsin jiki yake sawa, ba masu kaushi irin waɗanda aka saba ba, kuma ba ya canza su sai in sun tsinke. Ga soso a ƙarƙashinsu kusa da jaki yana rage musu dogon amo. Wani da nake yi wa ɗinki mai zama a Ingila ya tambaye ni tsarabar da nake so, na rubuta masa irin waɗannan. Da na ɗaura su na yanko ɗan soson katifa na cusa, sai jitar ta koma wata daban: sauti gajere, mai nauyi, dum-dum, ba ƙarar yatsa. Shekaru ke nan suna kai, tsufa ma ƙara musu daɗi yake yi. Ba su dace da mai son mari da fizgar tsirkiya irin na samarin coci na yanzu ba, amma ni ba hanyata ba ce.

Na sayi jitar nan tsakanin rikici biyu, na Nuwamban 2008 da na Janairun 2010. Bayan na biyun garin ya rabu, kowa ya koma inda nasa suke. Gidan Baba ya zama unguwar da ba zan shiga bayan magariba ba, shi ma ba zai zo tawa ba. Sai a otal ɗin da muke wasa muke haɗuwa, a can cikin gari, mu shida, masu salla da masu zuwa coci, kowa ya san ta inda zai bi ya koma gida. Ga shingayen sojoji ko'ina. Ni kuwa jakar da na ɗinka wa jitar baƙa ce, ta tamfol, doguwa fiye da mita guda, ina goye da ita a kan acaɓa da dare.

"Kai, sauko! Mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, jita ce."

"Ajiye a ƙasa. Buɗe a hankali."

Na buɗe. Ya haska tocila, ya ce in kaɗa ya ji. Na kaɗa. Ya matso da kunne, ya ɗago ya dubi ɗan uwansa ya ce, "Wannan ai ta mutu." Washegari na farke jakar, na sake ta da atamfa mai ruwan ɗorawa, na bar kan jitar a waje yadda kowa zai hango kunnuwanta tun daga nesa. Ba kyau gare ta ba, amma ta rage mini tsayuwa a hanya.

Inda na fi shan wuya kuma na fi jin daɗi shi ne ranar da aka fara haɗa mu da masu kalangu a bikin Hausawa. Kalangu ba ganga ce mai murya ɗaya ba. Makaɗi yana matse shi a hammata, muryar ta hau ta sauka, yana faɗin magana da kirari. Ni kuma na zo da hannun makosa, ina cika ko'ina. Muka yi ta karo. Da aka tsaya shan ruwa, dattijon da ke jan kiɗan ya yafito ni ya ce, "Yaro, rage surutu. Ni ne mai magana a nan, kai riƙe mana ƙasa." Daga nan na koma sauti biyu ko uku, ina zama tare da babbar ganga, ina bar masa sama. Na kuma gane yawancin waƙoƙinmu a kan sautuka biyar suke tafiya, ba bakwai irin na Turawa ba. Da zarar ka sako ragowar biyun don gwaninta, waƙar ta tashi daga ta Hausa ta koma wani abu. Tsirkiyoyin nan masu santsi da soso a nan suka fi amfani, don sautinsu yana mutuwa da wuri, ba ya shiga hanyar kalangu.

Mu da muka tashi a garin Ɗan Maraya ba mu da bakin cewa kayan kiɗa ne suka hana mu. Har ya rasu a watan Yunin 2015, da kuntigi ya yi suna, gwangwani da fatar akuya da tsirkiya guda, kuma da shi ya zaga ƙasashe.

Wannan ba ya nufin babu bambanci. Araha ba ta ado, gaskiya ne. Wani makaɗi da ya zo daga Abuja ya taɓa miƙo mini tasa, ƙirar Amurka ta gaske, na yi waƙa biyu da ita. Wuyan yana zamewa a hannu, kunnuwa suna juyawa ba tangarɗa, kowane gida muryarsa daidai da na kusa da shi. Tawa kanta yana rinjaya ƙasa in na sake ta, sai da na yo faffadan maɗauri na fata a Naraguta kafin kafaɗata ta huta, kuma tsirkiyarta mai kauri ba ta fita tsaf kamar tasa. Na ji kwaɗayi, ba zan ɓoye ba. Amma na lura da abu biyu. A kan siririyar tsirkiya, wajen gida na biyar zuwa na bakwai, akwai inda sauti ke mutuwa da wuri a tawa, na daɗe ina ɗora laifin a kan araha. Sai ga shi tasa ma tana da shi, ashe halin wannan ƙirar ne. Na biyu, da na sauka na koma cikin jama'a ina sauraronsa ta lasifikokin wurin, waɗanda an riga an ƙure su suna kuka, bambancin da na ji a hannuna bai iso kunnena ba. Shi ya sa in saurayi ya zo mini da kuɗinsa yana tambaya, nake ce masa ya sayi mai araha da wuya lafiyayye, ya biya a saita masa ita, ya sayi waya mai kyau, ragowar ya zuba a lasifika. Yawancinsu ba sa ji, mai tsirkiya biyar suke so, mai fitila.

Aikin kansa ya ragu. Tun da waƙoƙin fim suka koma kan fiyano a ƙarshen shekarun 1990, hannun hagun mai fiyano ya karɓe gurbin mai bes, daga baya kwamfuta ta karɓe na su biyun. Mai biki yana lissafi: mutum shida da abincinsu da motar kaya, ko yaro ɗaya da kwamfuta da lasifika. A 2020 kullen korona ya tsayar da komai, jitar ta yi watanni a rataye, ni kuma na koma ɗinka takunkumin fuska. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin janareta kaɗai ya sa otal-otal da dama suka rage daren kiɗa. Abin mamaki, yanzu yaran situdiyo ne ke kirana jefi-jefi. Sun gaji da bes ɗin kwamfuta mai tafiya kamar an auna da ma'auni, suna son na hannu. Su soka wayata kai tsaye a na'urarsu, in yi musu layi, su ce, "Baba, wannan tsohon sautin a ina ka samo shi?" Na zama Baba ke nan ban shirya ba.

Yanzu ƙarafunan firet na gidajen farko sun cinye, tsirkiyoyi masu kaushin da na yi shekaru da su sun haƙa musu kwari. An taɓa goge su a daidaita, babu sauran abin gogewa, sai dai a cire a dasa sababbi. Kuɗin da mai gyaran ya faɗa, in a lissafin naira ne, ya ninka abin da na sayi jitar gaba ɗaya. Uwargida ta ce in ƙara a kai in sayi sabuwa, na je na tambayo farashin sababbin na dawo na faɗa mata, ba ta sake tayar da maganar ba. 'Yata ta biyu, wadda ke sakandare, ta fara ɗaukarta in ba na nan. Yatsunta ba su isa jita mai inci 34 ba tukuna, ina cigiyar gajeriya mai inci 30 a wurin masu gwanjo. Mai gyaran yana Bukuru, ya ce an kawo masa ƙarfen daga Legas, kuma zai riƙe ta kamar sati biyu. Na ce masa sai cikin azumi, lokacin da ba a biki.